Fatar Jan Bijimi

A shekarar da idon Baba ya fara gazawa, ni na gaji rumfar dukancinmu a kasuwar Illela. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, ni kaɗai ne dai cikin 'ya'yansa ban gudu ba. Yayyena biyu sun hau babur suna jigilar kaya tsakanin nan da Ƙonni, ƙanena kuma yana zaune bakin tasha yana canjin sefa. Ni malamin firamare ne, kuma a ganin Baba, duk wanda ake tashinsa daga aiki kafin azahar ba shi da aikin yi. Saboda haka da safe in koya wa yara tilo da jam'i, da rana in tuɓe riga in zauna kan buzu da wuƙa da basilla. Baba yana kishingiɗe a bayana. Ba ya ganin kafar allura, amma daga ƙarar wuƙa kaɗai yakan gane na karkace yanka, kuma bai taɓa ɓoye wa mutanen kasuwa ra'ayinsa a kan aikina ba.

Na ga masu kawo aiki iri-iri. Akwai mai nuna maka hoton jaka a waya, jakar da injin Turawa ya ɗinka, ya ce irinta sak yake so kafin Juma'a. Akwai mai son kube amma ya bar wuƙar a gida, sai ya gwada maka tsawonta da hannu, kuma kullum ya sake gwadawa sai ta ƙara tsawo. Duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka gwada su da wani tsohon makiyayi daga wajen Araba.

Wata Lahadi ce cikin damina, ranar kasuwa, da hantsi. Na hango shi yana ratsa mutane da wani abu a ka mai kama da ƙyauren ɗaki. Dogo ne siriri, da malafa rataye a baya da sanda a hannu. Sun daɗe da sanin juna da Baba, tun suna samari yake kawo masa ɗinkin laya da kube. Ni Baffa nake ce masa. Ya sauke kayan a hankali, yadda ake sauke mara lafiya daga mota. Busasshiyar fatar sa ce, ja, an ninke ta huɗu.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baffa. Sa anka yanka?"

Ya dube ni kamar na taka masa sallaya da takalmi. Ya ce, "Ba sa ba ne. Marigayi ne."

Baba ya tashi zaune. "Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Jan bijimina."

Baba ya koma ya kishingiɗa. "Kai dai ka ji tsoron Allah. Abin da anka ci da tuwo shi ne marigayi?"

"Ni ban ci ba," in ji Baffa.

Ya zauna ya ba mu labari. Shekara da shekaru bijimin nan yana gaban garkensa. 'Yan kasuwar shanu sun yi ta zarya a kansa, har daga ƙetaren iyaka, ya ƙi sayarwa. Ran nan suna kiwo kusa da wata hanyar daji da 'yan babur ke bi, wani ya keto da gudu zai ratsa cikin maruƙa. Bijimin ya fita kare iyalinsa, ya bi babur, ƙasa ta jiƙa, gaɓar kwazazzabo ta zabtare da shi, ƙafar gaba ta karye. Dole aka sa masa wuƙa. Da ya kai nan sai ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, har ni ma na ji ya kamata in ce Allah ya ba da haƙuri. Na ce. Ya amsa da amin.

Sannan na yi tambayar da kowane baduku ke yi: "To mi za a yi da ita?"

Yawancin mutane tun daga gida suke fitowa da amsar wannan tambaya. Shi Baffa abin da ba za a yi ba kaɗai ya sani.

Na ce takalma, don fatar sa nan ta fi amfani. Ya ce, "A taka shi? Bijimin da ko ƙuda bai yarda shi sauka bisa tozonai ba?" Na ce guga. Ya ce wato a riƙa jefa shi rijiya safe da marece. Na ce taiki na zuba hatsi. Ya ce yana da rai bai ɗauki kayan kowa ba, shi ba jaki ba ne. Na ce to a yi shimfiɗa. Ya tambaya wa zai zauna a kai. Na ce shi mana. Ya girgiza kai ya ce, "Ina jin kunyatai."

Baba, wanda tun ɗazu yake sauraro ido rufe, ya ce, "Akwai makaɗa bayan tasha suna neman hwatar ganga."

Baffa ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Sai da na riƙe masa riga na rantse wasa Baba yake yi.

Daga ƙarshe ya ce, "Ku dai gyara ta tukuna. Gashin ga shi tsaya yadda yake, ko ƙwara ɗaya kada ta hita. Abin da za a yi da ita, Allah shi nuna muna."

Bayan ya tafi na buɗe fatar, wari ya buɗe tare da ita, har mai sayar da goro na kusa da mu ya ja faifansa gaba. 'Ya'yan Baffa sun yi fiɗa cikin gaggawa a daji, wuƙa ta huda wuri uku. Sun shanya ta a ƙasa cikin damina, sun ninke ta ba ta gama bushewa ba. Na kama gashi na ɗan ja, ya biyo hannuna kamar ana tsinke ciyawa bayan ruwa. Duk wanda ya tashi gidan dukawa ya san fatar da ta kai haka ba ta riƙe gashi. Baba ya ce in aika a gaya wa Baffa gaskiya. Ni kuwa na tuna fuskarsa lokacin da yake kallon yatsun ƙafarsa, na ce bari in gwada. Na jiƙa ta, na kankare ragowar nama da kitse daga ciki, na cika ta da gishiri, na shafa dakakkiyar bagaruwa ta ɓangaren nama kawai, na rataye ta a inuwa. Bayan mako guda ta zama kamar kan mai makero, nan gashi can fili. Baba ya shafa ya ce, "Madalla. Da hwata ce mai wari, yanzu ta zama hwata mai wari da gishiri."

Ba yadda zan yi, na ɗora ta a babur na kai wa majemin da muke hulɗa da shi a bayan gari. Ya tsoma ta cikin ruwan toka, bayan kwanaki ya ɗora ta kan gungume ya sa wuƙa mai ƙota biyu ya tuje sauran gashin tas.

Lahadi ta zagayo, Baffa ya zo duba marigayi. Na rasa ƙaryar da zan yi, na kai shi majema. Majemi ya ɗago fatar daga kwatarniya, fara fat, tana santsi kamar tumbi. Baffa ya dube ta, ya dube ni.

"Kun musanya."

Na yi ta bayani a kan danshi da ninki, bai ji ko ɗaya ba. Ya durƙusa ya shimfiɗa ta da kansa, yana bin ta da tafin hannu, har ya kai wani tabo a wajen cinya, inda ƙahon wani bijimi ya taɓa cakarsa. Nan hannunsa ya tsaya. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago sai ya ce a hankali, "Shi ne. Kun yi mai tsirara."

Majemi mutum ne da bai iya lallashi ba, wataƙila don ya saba magana da fatu. Ya ce ai yanzu aka fara, gobe za ta kwana cikin ruwan kashin kaji don ta saki toka ta yi laushi, sannan a kai ta ga bagaruwa.

"Kashin mi?" in ji Baffa.

"Kaji."

Ban taɓa ganin ciniki irin na ranar ba. Baffa ya roƙa a sa kashin shanu, ko ba komai na danginsa ne. Majemi ya ce ba ya aiki. Baffa ya ce to na tumaki. Majemi ya ce tun kakansa ba a taɓa yi ba, sai na kaji ko na tantabara. Baffa ya yi nazari ya ce tantabara tsuntsuwa ce mai mutunci, ba ta tonon juji, ya yarda da ita. Majemi ya ce an gama. Ni dai shekara da shekaru ina zuwa unguwar nan, ban taɓa ganin tantabara ko ɗaya ba, kaji kuwa har cikin kwatarniya suke leƙe.

Fatar ta yi makonni cikin ruwan bagaruwa, ana juya ta ana sabunta ruwa, har ta jemu ta zama ƙirgi. Na dawo da ita rumfa, na shafe ta da man gyaɗa, na yi ta bugu da murza har kafaɗuna suka daina jin magana. Don in rage laifina na ce bari in maido masa da jansa. Na jiƙa karan dafi da ɗan ruwan toka, na bi ta da tsumma sau uku, ta fito jawur, mutane na wucewa suna yabawa. Baffa ya zo ya tsaya a kanta ya ce wannan jan tattasai ne, bijiminsa ba haka yake ba.

Baba ya ce, "Wancan jan Allah ya yi shi. Wanga kuwa malamin firamare ya yi shi. Ka yi haƙuri da bambanci."

Daga nan muka shiga wani hali. Kowace Lahadi Baffa zai zo da hantsi, ya zauna kusa da ƙirgin da na naɗe na jingine a kusurwa, ya ɗora hannu a kai, ya shiga ba duk wanda ya tsaya labarin halayen marigayi: kunyarsa, ƙarfin zuciyarsa, yadda ba ya shan ruwa sai na baya sun sha. Wata mata da ta zo karɓar jaka ta saurara har ta yi ƙwalla, ta tambaya ko ya bar 'ya'ya. Baffa ya ce da yawa, duk suna daji. Ta ce Allah ya raya su. Ba wanda ya gyara mata. Ni kuma duk mako sai na kawo sabuwar shawara, garkuwa, igiya, gafaka, duk mako sai ya samo dalilin da ya sa abin bai dace da marigayi ba. Har kaka ta yi, aka fara yankan gero, ƙirgi yana nan tsaye a kusurwa kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Ran nan Baffa yana tsakiyar labari sai na ga bakinsa ya mutu. Wata 'yar tsohuwa ce ta tsaya a bakin rumfa, gajera, ƙwaryar nono a ka, da ɗan damin karan dawa a hammata. Ta sauke ƙwarya, ta gaida Baba da ladabi, sannan ta juyo gare ni.

"Kai ne ɗan badukun?"

"Ni ne, Inna."

"Ina hwatata?"

Na dubi Baffa. Baffa ya dubi rufin rumfa. Nan na gane matarsa ce.

Ta ce, "Mutumin ga ya ce maka bijiminai ne? Saniyar da babana ya ba ni ranar da anka kai ni ɗaki, wanga jikanta ne. Shi kiwo kawai yake yi."

Ta zauna kan turmin da muke bugun fata, ta ba mu nata labarin, kuma ba ka ce dabba ɗaya ake magana a kai ba. Ƙoren da bijimin ya fasa mata ta daina ƙirgawa. Ya cinye geron da ta shanya, ya haɗa da tabarmar. Ya taɓa kora ta har ta hau rumbu, tana nan bisa da tsufanta har maza suka dawo daga kiwo. Gonakin mutanen Garu kuwa, ba damina da ba a je ba da haƙuri ba. Ta ce, "Ranar da ya hwaɗa kwazazzabo, wane garke yake karewa? Buhun dusa ya gani bayan babur. Kwaɗayi ya kashe shi."

Baffa ya ce, "Ba ki wurin."

"Ina wurin rabon nama. Hanta na ci, na ƙara."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ta kwance damin karan ta zube a gabana. Kowane kara an yanke shi daidai tsawon ƙafar mutum ɗaya na gidansu, an ɗaura masa zare mai launi don kada a rikita. Ta ce takalma take so, kowa ya samu, nata kuma ƙafa biyu. Baffa ya ce ba a yi shawara da shi ba. Ta juya ta faɗa masa wata gajeriyar magana da Fillanci. Ba na jin Fillanci sosai, amma na ga ya gyara malafarsa ya kau da kai.

Na rasa na wa zan bi. Shi ya kawo aiki, wata uku yana zarya, ita kuma yau na fara ganinta. Na waiwayi Baba. Ya ce, "Ka ji mai abu ta yi magana. Ɗauko wuƙa."

Kara tsawo kaɗai yake nunawa, ba ya nuna faɗi, don haka na riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya ina tambayar ƙafar mai shi. Inna ta bi gidanta kaf ba ta bar kowa da mutunci ba. Wannan na babban ɗanta ne, dunduniya duk faso. Wannan na surukarta ne, ƙafa kamar faranti, a ƙara faɗi. Wannan na autarta ne, tana tafiya tana jan ƙafar hagu don yanga, a ƙara kauri ta nan. Na ɗaga wani dogo mai baƙin zare. Ta nuna Baffa da haɓa. Ta ce yana barcin rana ta auna.

Da na shimfiɗa ƙirgin na ɗauko wuƙa, Baffa ya miƙe ya ce zai leƙa kasuwar shanu. Bai dawo ba ranar.

Na yayyafa wa ƙirgin ruwa ya kwana a naɗe don ya karɓi wuƙa. Na fitar da tafin takalman daga gadon baya da wajen ɗuwawu, inda fata ta fi kauri, ina kauce wa hujin da 'ya'yan Baffa suka yi. Kowane tafi ninki biyu, in haɗa su in buga kan dutse har su zama kamar katako. Maɗauran kuma daga gefen ciki na yanko su, na fiƙe bayansu har suka yi laushin da ba za su ci ƙafa ba. Na so in sa gam in huta, Baba ya ce gam aikin ragwaye ne, rana ɗaya cikin laka zai buɗe baki. Ya sa na tsaga 'yar hanya a ƙarƙashin kowane tafi, yadda ɗinki zai nutse ciki ƙasa ba za ta ci shi ba, na kuma yanko siraran igiyoyi daga fatar kanta na yi ɗinkin da su.

Ban taɓa aiki da fata mai taurin kai irin wannan ba. Basilla biyu ta karya mini. Ta uku ta zame ta shige babban yatsana, na yi mako guda ina rubutu a allo da alli tsakanin yatsu biyu kamar mai shan taba, yara suna dariya. Kafin in gama ƙafa ta biyar na koma bayan Inna gaba ɗaya. Duk ramin da na huda sai in ce, wannan na ƙwarya ne, wannan na tabarma ne.

Bayan mako uku suka zo tare. Inna ta zura nata, ta miƙe, ta buga ƙafar dama a ƙasa, ta buga ta hagu, ta taka har bakin rumfar mai goro ta dawo, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Sannan ta ɗauko masu baƙin zare ta ajiye gaban mijinta, ta tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya danna da babban yatsa, ya gwada lanƙwasawa, fatar ta ƙi. Ya yi bisimilla ya zura. Ya taka zuwa bakin hanya, inda wani ya zubar da reshen ƙaya, na ga da gangan ya ɗora ƙafa a kai ya danna. Ya ɗaga ya duba.

"Ko alama," ya ce. "Na gaya muku ba a taɓa yin irinai ba."

Kafin rani ya tsaya makiyaya sun fara zuwa daga Araba da Garu suna neman takalmi irin na bijimin Baffa, don duk mashayar da ya je sai ya tuɓe ya miƙa an zagaya da shi hannu-hannu. Na gaya musu wancan ya ƙare, sai dai na wani sa. Suka karɓa suna ƙorafi. Inna kuwa ƙafa ɗaya take tatsa da ita, ɗayar ta adana sai biki.

Damina biyu bayan haka Baffa ya kawo na dama, maɗauri ya tsinke daga gindi. Ba sauran ƙirgin ko tafin hannu, sai na yanko wata fata na fara gyara ban gaya masa ba. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu.

"Wagga akuya ce."

Na ce, "Akuya ce, Baffa. Nashi ya ƙare."

Ya leƙa hanya ya ga ba kowa, sannan ya miƙo mini.

"To sa ta daga ciki, inda ba a gani."